Cloudflare Workers da Kasuwancin da Ke Bin Lokacin Hajji da Umara: Sharhi Daga Makka

Yawancin ƙananan sana'o'in da Hausawa ke yi a Makka, tun daga gidajen tuwo na Shara Mansur da Misfala har zuwa masu haɗa wa alhazai tsaraba, kalandar ibada suke bi. Ciniki yakan yi tashin gwauron zabo a Ramadan da makonnin aikin Hajji, sannan ya lafa bayan an kwashe alhazai, har sai masu Umara sun sake fara shigowa. Duk wanda ya taɓa rubuta wa irin waɗannan wurare manhajar karɓar oda ya san inda gizo ke saƙar. Idan ya ɗauki hayar ƙaramar saba mai araha, wato kwamfutar da manhaja ke gudana a kanta ta intanet, za ta durƙushe a goman ƙarshe na Ramadan, idan kuwa ya ɗauki babba wadda za ta jure cunkoson, zai riƙa biyan kuɗinta wata-wata alhali tana zaune babu aiki, tamkar wanda ya kama hayar bene guda na shekara saboda baƙin kwana goma. Wannan ne ya sa na mayar da ɓangaren baya na manhajar wani gidan abinci na 'yan'uwanmu, wato sashen da ke sarrafa oda ba tare da mai saye ya gan shi ba, zuwa Cloudflare Workers, hidimar kamfanin Cloudflare ta gudanar da manhajoji, kuma abin da ke biye sharhi ne a kan hidimar kamar yadda na same ta a wannan aiki, musamman ta fuskar yadda ake rubuta kod ɗinta, wato umarnin da kwamfuta ke bi, da sabon salon harshen rubuta manhaja na JavaScript.

A wannan tsari mai shirya manhaja ba ya riƙe da saba ko ɗaya. Guntun aiki yake rubutawa, wato 'yan layukan kod da ke karɓar buƙata su mayar da amsa, ya miƙa wa kamfani, shi kuma kamfanin ya tayar da aikin duk lokacin da buƙata ta iso, ya caji mai shi gwargwadon abin da aka yi amfani da shi. Kamfanin Amazon ne ya yaɗa wannan hanya da ya fito da Lambda a Nuwamban 2014, Cloudflare kuma ya sanar da Workers a 2017, ya buɗe shi ga kowa a Maris na 2018. Bambancin da ke tsakaninsu yana cikin ginin ne. Lambda yakan tayar wa kowane aiki 'yar ƙaramar kwamfuta ta kansa, abin da kan jawo ɗan jinkiri idan aikin ya daɗe ba a kira shi ba. Cloudflare kuwa injin V8 yake amfani da shi, wanda shi ne ke gudanar da JavaScript a cikin burauzar Chrome, yana kuma ba kowane aiki keɓantaccen gurbi a cikin injin da ya riga ya kasance a kunne, don haka tashin aikin ba ya wuce 'yan milisakan. Sannan da zarar an tura kod ɗin, ana baza shi zuwa cibiyoyin kamfanin da ke birane fiye da 300, ciki har da Jidda da Riyad da Dammam da Legas. Ma'anar wannan ga gidan abinci a Makka ita ce, alhajin da ke masaukinsa a Misfala da ɗansa da ke Kano yana neman biya masa abincin mako duk za su samu amsa daga cibiya ta kusa da su.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne siffar kod ɗin kansa. A farkon hidimar, ana rubuta aikin ne da tsohon salo, inda mutum zai ce wa injin ya saurari aukuwar buƙata da addEventListener, kuma maɓallan sirri da rumbunan bayanai duk suna yawo a matsayin sunaye na gama-gari waɗanda ba a ganin inda suka fito. Tun Nuwamban 2021 kamfanin ya kawo salon da ya dace da tsarin kunshe-kunshen JavaScript na zamani, wanda ya shigo harshen a bugun 2015. Yanzu fayil ɗin yakan fara da export default, a ciki a rubuta aiki guda mai suna fetch, wanda ke karɓar abubuwa uku: buƙatar da ta iso, sai env da ke ɗauke da rumbunan bayanai da sirrika, sai ctx da ke kula da rayuwar aikin. Iyakar abin da ake nema daga mai rubutu shi ne ya mayar da Response. Wannan sauyi ya fi ƙarfin kwalliya, domin tunda komai ta ƙofa ɗaya yake shigowa, ana iya gwada aikin da rumbun bayanai na wasa ba tare da an taɓa na gaske ba, kuma wanda ya gaji kod ɗin daga wani zai ga dukkan abin da aikin ya dogara da shi a layin farko. Haka nan Request da Response da fetch da URL duk su ne waɗanda burauza ke amfani da su, saboda haka matashin da ya koyi gina fuskar shafi ba ya bukatar sake sabon karatu kafin ya taɓa ɓangaren baya.

Karɓar oda guda a manhajarmu matakai huɗu ne a jere: a karanta abin da mai saye ya aiko, a duba ko abincin bai ƙare ba, a rubuta odar a rumbu, sannan a sanar da ɗakin girki. Kowane mataki jira ne, kuma a tsohon salon JavaScript kowane jira yana nufin cusa wani aiki a cikin wani, har kod ɗin ya karkace zuwa gefen allo, kuskure kuma ya ɓace a tsakiya ba a san matakin da ya haife shi ba. Da async da await, waɗanda suka shigo harshen a bugun 2017, matakan huɗu sukan zama layuka huɗu daga sama zuwa ƙasa, a lulluɓe su da try da catch guda ɗaya mai kama kuskure. Inda matakai biyu ba su dogara da juna ba, kamar ɗauko jerin abinci da ɗauko farashin kai wa masauki, Promise.all yana tafiyar da su tare. Wani abin da na yaba ƙwarai shi ne ctx.waitUntil, wanda ke ba da damar a mayar wa mai saye amsa nan take cewa an karɓi odarsa, a ci gaba da aika sanarwa zuwa ɗakin girki bayan ya riga ya rufe wayarsa. Sai dai a kula, await ɗin da aka manta ba ya ihu. A saba ta gargajiya aikin da ba a jira ba yakan kammala daga baya, amma a nan da zarar an mayar da amsa injin na iya katse duk abin da ba a miƙa wa waitUntil ba, kuma ta haka oda kan iya ɓata ba tare da wata alama ba. Wanda zai yi amfani da hidimar ya kamata ya kunna na'urar binciken kod da ke kama irin wannan mantuwa tun kafin a tura.

Ƙananan alamomin da suka zo a bugun 2020 su ma sun rage wahala fiye da yadda girmansu ke nunawa. Masu sayen abincinmu ba kowa ke cika kowane gurbi ba, wani ba ya rubuta lambar ɗaki, wani ba ya rubuta sunan masauki saboda zai zo ya karɓa da kansa. Alamar tambaya da ɗigo (?.) tana bari a nemi lambar ɗaki a cikin masaukin da wataƙila babu shi ba tare da aikin ya faɗi ba, alamun tambaya biyu (??) kuma suna sanya wani abu a madadin wanda ba a bayar ba, ba tare da sun ɗauki sifili a matsayin rashi ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga mai lissafin kuɗi, domin kuɗin kai abinci na sifili ga masaukin da ke maƙwabtaka farashi ne na gaskiya, kuma tsohuwar hanyar da ake bi da sanduna biyu (||) takan shafe shi ta sa farashin da aka saba. Dangane da TypeScript, wato JavaScript da ake bayyana nau'in kowane bayani a cikinsa, ko lamba ce ko rubutu, wanda Microsoft ya fitar a 2012, kayan aikin Cloudflare mai suna Wrangler yana karɓarsa kai tsaye, yana ma iya samar da bayanin nau'in duk abin da ke cikin env. Amma akwai tarko a nan wanda ya kamata a faɗa a fili: Wrangler cire bayanan nau'i kawai yake yi ya tura, ba ya tantance su, don haka kod mai kuskuren nau'i zai wuce lafiya idan mutum bai gudanar da tsc, mai tantance kod ɗin TypeScript, da kansa ba.

Inda aka fi gane ingancin irin wannan hidima shi ne a ƙananan al'amuran da suka keɓanta da ƙasar nan, kuma a nan zan ɗan tsaya. Na farko shi ne kwanan wata. Tunda injin V8 ne, Intl.DateTimeFormat mai tsara rubutun kwanan wata yana nan, kuma ya san kalandar Ummul Ƙura da ake aiki da ita a Saudiyya, ta yadda za a buga ranar Hijiriyya a kan rasit ba tare da an ɗauko wani kunshin kod daga waje ba. Sai dai kalandar lissafaffiya ce, farkon Ramadan da Zulhajji kuwa Kotun Ƙoli ce ke sanar da su bisa ganin wata, kuma ana iya samun saɓanin kwana guda, ga shi sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi a Najeriya ita ma tana iya bambanta da ta nan. Saboda haka ranar da jerin abincin buɗa-baki da sahur zai fara aiki ban bar wa lissafi ita ba, na sanya ta a wurin da mai gidan abincin za ta kunna da hannunta. Na biyu shi ne agogo. Ayyukan suna gudana ne a kan agogon duniya na UTC, haka ma ayyukan da ake tsara wa lokaci, alhali Makka tana gaba da shi da sa'a uku, Najeriya da Nijar kuma da sa'a guda. Wanda ke son a rufe karɓar odar sahur da ƙarfe biyu na dare agogon Makka, sha ɗaya na daren jiya zai rubuta, kuma lissafin cinikin yini dole ne a ɗaure shi da agogon Riyad a fili, in ba haka ba ranar lissafi za ta riƙa juyawa da ƙarfe uku na dare maimakon sha biyu.

Na uku shi ne rubutu. Mazauna nan da yawa da lambobin Larabci suke rubuta lambar waya, kuma hanyar da aka saba tantance lamba da ita a JavaScript lambobin boko kaɗai ta sani, don haka sai an fara juya su kafin a duba ko lambar ta fara da 966 ko 234 ko 227. Haruffanmu masu lanƙwasa su ma suna da nasu sha'anin. Mai neman ƙosai yakan rubuta shi da k mara lanƙwasa, kuma dabarar normalize da ake cire alamomin da ke kan wasullan Faransanci da ita ba ta taɓa ƙ da ɗ da ɓ, domin a Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, kowannensu harafi ne mai zaman kansa, sai dai mutum ya rubuta ɗan jadawalin musanya da kansa. Harshen ya yarda a raɗa wa ma'ajin ƙima suna da waɗannan haruffa, amma ban ba da shawarar haka ba, tunda ba kowane allon rubutu ke da su ba. Wannan batu na haruffa ya sake tasowa a rasit. Tun 4 ga Disamban 2021 hukumar zakka da haraji da kwastan, ZATCA, ta wajabta rasit na lantarki ga masu rajistar harajin VAT, wanda ya koma kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020, kuma rasit ɗin da ake ba mai saye yana ɗauke da lambar QR mai ƙunshe da sunan mai sayarwa da lambar harajinsa da lokaci da jimillar kuɗi da adadin haraji. Kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin ana rubuta tsawonsa a gabansa, kuma tsawon da ake nufi na bait ne, wato ma'aunin girman bayanai a kwamfuta, alhali kowane harafin Larabci bait biyu yake ci. Wanda ya ƙirga haruffa zai samar da lambar da manhajar hukumar ba za ta karanta ba. TextEncoder, mai mayar da rubutu zuwa bait, wanda ke cikin Workers, yana warware wannan cikin layuka kaɗan. Mataki na biyu na dokar, wanda ya fara a Janairun 2023 kuma ake shigar da 'yan kasuwa cikinsa rukuni-rukuni, ya ƙunshi sa hannun lantarki da haɗuwa da na'urorin hukumar, kuma a ganina wannan aikin ƙwararrun masu manhajar rasit ne, bai dace a cusa shi a cikin guntun aiki ba. Kuɗi kuwa da halala nake lissafa su, ɗari a riyal guda, a matsayin cikakkun lambobi, saboda JavaScript ba ya haɗa 0.1 da 0.2 ya ba da 0.3 daidai, kuma sabon salo bai sauya wannan ba.

A wajen farashi hidimar ta cika alƙawarin da ya kai ni gare ta. A lokacin da nake wannan rubutu, tsarin kyauta yana ba da buƙata 100,000 a kowace rana, ba a kuma neman katin banki kafin a fara. Tsarin biya yana farawa daga dala 5 a wata, wato riyal 18.75 a kan tsayayyen canjin riyal 3.75, kuma ya ƙunshi buƙata miliyan 10, abin da ya haura kuma santi 30 ne a kowane miliyan. Babban abin lura shi ne lokacin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi tana aiki kaɗai ake ƙirgawa, ba a ƙirga lokacin jira. Aikin irin namu kusan dukkansa jira ne, ko jiran kamfanin biyan kuɗi ya tabbatar da katin bankin Saudiyya na mada, ko jiran rumbun bayanai, kuma a Lambda duk wannan jiran yana shiga lissafi tunda tsawon lokacin da aikin ya ɗauka ake caja. Tsarin kyauta yana da iyakoki biyu da ya kamata ɗan kasuwar Makka ya sani. Na ɗaya, milisakan 10 kacal na aikin ƙwaƙwalwa aka yarje wa kowace buƙata, wanda ya isa karɓar oda amma ba ya isa haɗa takardar PDF ko sarrafa kalmar sirri yadda ya kamata, kuma wanda ya wuce iyaka kuskure mai lamba 1102 zai gani. Na biyu, ƙidayar yini tana komawa farko ne da sha biyun dare agogon UTC, wato ƙarfe uku na dare a nan. Idan cunkoson buɗa-baki da na bayan tarawihi ya cinye rabon yini, manhajar za ta tsaya daidai lokacin odar sahur. Shawarar da na bayar ita ce a zauna a kan tsarin biya duk shekara, tunda riyal 225 a shekara bai kai a riƙa hawa da sauka ana fargaba ba.

Da na yi wa mai gidan abincin wannan bayani, tambayar da ta yi ta fi ta masu sana'ar da yawa kaifi. Cewa ta yi, "To ɗana, idan babu kwamfutar da muka kama haya, ina odar mutane take kwana?" Na ce mata, "Hajiya, a nan ne maganar take." Guntun aiki ba ya riƙe komai tsakanin buƙata da buƙata, dole a ajiye bayanai a wani wuri, kuma Cloudflare yana da ma'ajiyoyi da dama waɗanda zaɓensu ba tare da fahimta ba ke jawo asara. KV yana da saurin karatu, ya dace da jerin abinci da farashi, amma sauyin da aka yi a cikinsa yana iya ɗaukar kusan sakan 60 kafin ya isa ko'ina, don haka wanda ya ajiye adadin kwanukan tuwon da suka rage a ciki zai sayar da kwano ɗaya ga mutum biyu. D1, wanda aka gina a kan manhajar rumbun bayanai ta SQLite kuma ya fita daga matakin gwaji a Afrilun 2024, shi ne ya dace da oda, yana karɓar SQL na yau da kullum, wato harshen da ake yi wa rumbu tambaya da shi, yana kuma ba masu biya damar mayar da rumbun zuwa kowane minti cikin kwana 30 da suka wuce, abin da ke da daraja ga wurin da hannaye da yawa ke taɓa bayanai. R2 na hotuna ne da fayiloli, kuma ba a cajin kuɗin fitar da bayanai daga cikinsa. Dukkansu ta env ake isa gare su, da await iri ɗaya, kuma wannan daidaito yana cikin abubuwan da suka sa rubutun ke da daɗi.

Amma tambayar Hajiya tana da fuska ta biyu, kuma ita ce babbar ajizancin hidimar ga mai aiki a Saudiyya. Kod yana gudana a Jidda, bayanan kuwa ba lallai ba ne su zauna a ƙasar. Asalin rumbun D1 a wuri ɗaya yake zama, kuma yankunan da ake bari mutum ya nuna yana so sun ƙunshi yammaci da gabashin Turai da Arewacin Amurka da Asiya, babu Saudiyya a cikinsu. Wannan yana da illa biyu. Ta fuskar sauri, kowace tambaya da aikin ya yi wa rumbun sai ta je Turai ta dawo, ta yadda aikin da ke yin tambayoyi biyar a jere zai cinye ribar kusancin da aka samu, sai dai a haɗa tambayoyin a dunƙule ɗaya ko a kunna Smart Placement, wanda ke matsar da aikin zuwa kusa da rumbun. Ta fuskar doka kuwa, dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a 14 ga Satumban 2023, wa'adin daidaitawa ya ƙare bayan shekara guda, hukumar kula da bayanai ta ƙasar, SDAIA, ce ke sa ido a kanta, kuma ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa wajen ƙasar. Suna da lambar waya da lambar ɗakin masauki duk bayanan mutum ne. Abin da na yi a aikin gidan abincin shi ne rage abin da ake tarawa zuwa mafi ƙaranci, da tsara wani aiki da ke share lambobin waya da na ɗaki bayan an kai abinci an rufe lissafi, tare da shawartar masu gidan su nemi fatawar lauya a kan sauran.

Akwai wasu iyakoki da suka fi sauƙin ɗauka. Kowane gurbi megabait 128 na ma'ajiyar wucin gadi yake da shi, alhali Lambda yana kaiwa har gigabait 10 tare da minti 15 na aiki, don haka sarrafa bidiyo ko babban lissafi ba na nan ba ne. Workers ba Node.js ba ne, wato manhajar da aka fi gudanar da JavaScript da ita a kan saba, kuma ko da yake tutar nodejs_compat ta cike giɓi mai yawa, har yanzu ana cin karo da kunshin da ke neman abin da babu, musamman waɗanda aka gina da wani harshe a ƙarƙashinsu. Agogon cikin aikin ma ba ya motsawa yayin lissafi, sai an yi wata hulɗa da waje, matakin tsaro ne da kamfanin ya ɗauka da gangan, amma yakan rikita mai son auna saurin kod ɗinsa. A ɗaya ɓangaren, compatibility_date dabara ce da na so a ce kowane kamfani ya kwaikwaya: mutum yana rubuta kwanan wata a fayil ɗin saiti, injin kuma ya ci gaba da mu'amala da kod ɗinsa bisa ƙa'idojin wannan rana ko da an yi sauye-sauye daga baya. Ga manhajar da ake barin kod ɗinta bayan Hajji ba a sake taɓa shi sai Sha'aban, wannan kwanciyar hankali ce babba.

Maganar ɗaurewa ga kamfani ɗaya gaskiya ce, amma ba duka ba. An saki injin da ke gudanar da ayyukan, workerd, ga jama'a a Satumban 2022, kuma shi ne Wrangler ke kunnawa a kwamfutar mai rubutu idan yana gwaji, shi ya sa abin da ya yi aiki a gida yakan yi aiki bayan an tura. Na rubuta hanyoyin manhajar da Hono, ƙaramin tsarin da Yusuke Wada na Japan ya ƙirƙira, wanda ke gudana a Workers da Node.js da Deno da Bun da Lambda, don haka wannan ɓangaren zai iya ƙaura cikin sauƙi. Abin da ba zai ƙaura da sauƙi ba shi ne duk layin da ya taɓa KV ko D1 kai tsaye, saboda haka na tattara su a fayil guda. Kuma a tuna cewa babu kamfanin da ba ya tuntuɓe. A 18 ga Nuwamban 2025 wata matsalar cikin gida ta Cloudflare ta tsayar da shafuka da yawa a duniya na sa'o'i, kamar yadda wata matsala a babban yankin AWS, hidimar Amazon, na gabashin Amurka ta yi a 20 ga Oktoban shekarar. Gidan abincin da ke ciyar da masu azumi ba zai ce musu su jira injiniyoyi ba, shi ya sa lambar WhatsApp da littafin oda na takarda suna nan a kan teburin karɓar kuɗi.

Takardun koyarwar kamfanin a tsare suke, misalansu kuma da sabon salo aka rubuta su, sai dai tsofaffin darussan da ke yawo a intanet har yanzu da addEventListener suke koyarwa, kuma ɗalibin da ya haɗa salon biyu zai sha wahala kafin ya gane dalilin da env ɗinsa ya zo fanko. Ga matasanmu na nan da suka yi karatu da Larabci, Turancin takardun shi ne shingen farko, amma tunda kalmomin da ake juyawa ba su da yawa, wanda ya riƙe async da await da import da export ya riga ya ci rabin tafiya.

Ba kowane aiki na karɓa a kan wannan hidima ba. Wani mai hidimar jigilar masu Umara ya nemi in gina masa irin wannan manhaja, amma tasa za ta riƙa tara hotunan fasfo da lambobin biza da bayanin lafiyar tsofaffi, kuma irin waɗannan na ga ya fi dacewa su zauna a cikin ƙasar. Oracle yana da cibiya a Jidda tun 2020, Google ya buɗe tasa a Dammam a Nuwamban 2023, ana kuma shiga ta ta hannun kamfanin CNTXT, AWS kuwa, wanda ya fara da Bahrain a 2019, ya sanar a Maris na 2024 cewa zai zuba fiye da dala biliyan 5 don buɗe yanki a Saudiyya. Na ba shi shawarar ya ajiye rumbun fasfo a ɗaya daga cikin cibiyoyin da ke cikin ƙasar, ko da kuɗin wata ya fi yawa kuma saitin ya fi wuya, ya bar wa Workers shafin farashi da jadawalin motoci, waɗanda babu sunan kowa a cikinsu.